Wa'azin Tsafta da Maiƙo a Baki

Ina da wani hali da na daɗe ina rufa wa babbar riga, yau kuma zan tona wa kaina asiri tun kafin abokan tafiya su riga ni. Ba na iya wuce abincin bakin hanya. A gida ni mutumin kirki ne. Ana ajiye mini tuwo in ci rabi in ture kwano, har uwargida ta tambaya ko lafiya. Amma da zarar mota ta bar tasha ta hau kwalta, sai wata yunwa ta daban ta taso mini, wadda babu ruwanta da ciki. Yunwar ido ce da hanci. Ita ke sa dafaffiyar masarar da ko kallo ba ta ishe ni ba a ƙofar gidana ta zama abin marmari, don kawai an miƙo ta ta tagar mota.

Da a lokacin lafiya kaɗai abin yake tashi, da da sauƙi, iyaka a ce Malam akwai kwaɗayi. To halin nan bai san annoba ba. Da damina masara ke nuna, ɗanyar gyaɗa ta fito, shanu su ƙoshi nono ya yi araha. Da damina kuma kwalara ke zagayo ƙasar Hausa kusan kowace shekara. Abin da nake so da abin da nake tsoro kakarsu ɗaya.

Kada mai karatu ya yi mini uzurin rashin sani, ba ni da wannan mafaka. Ni ba likita ba ne, amma na karanta zancen cutar nan har na zama abin gudu a majalisa. Na san ta baki take shiga, cikin ruwa ko abincin da bayan gidan mai ɗauke da ita ya taɓa. Na san idan ƙwayar ta tsallake tsamin ciki ta isa hanji, sai ta saki wani dafi da ke sa hanjin ya riƙa tsiyayar da ruwa da gishirin jiki a maimakon ya tsotse su. Tsakanin awa 12 zuwa kwana 5 alamu ke bayyana: gudawa fara mai kama da ruwan da aka wanke shinkafa, da amai, da ɗaurewar ƙafafu. Wanda ta kama da ƙarfi yana iya zubar da kusan lita guda cikin awa ɗaya. Idanu su zurma, murya ta disashe, fatar yatsu ta yamutse, in ka tsunkuli fatar cikinsa ta tsaya cak ta ƙi komawa. Ƙato majiyi ƙarfi da ya yi Asuba a jam'i ana iya yi masa sallah kafin Isha'i.

Lissafin ma na haddace shi. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, sama da 3,600 kuma suka rasu. Fiye da rabin waɗanda suka kamu daga jihohi huɗu suke, Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara, wato daidai hanyoyin da nake bi. Mamatan wannan shekara guda sun ɗara duk adadin da hukuma ta rubuta cewa korona ta kashe a ƙasar nan tun farkonta har ƙarshenta, ga shi kuwa saboda korona aka rufe iyakokin jihohi, aka dakatar da Juma'a, aka ɗaura mana takunkumi. A shekarar nan Maraɗi da Damagaram ma ba su tsira ba. Ta 1991 kuwa ta fi wannan ɗaukar rai, don sama da mutum 7,000 ta tafi da su.

Wannan ilimi ba na barinsa a gida, da shi nake shiga mota. In mun tashi daga Kano za mu Abuja, kafin mu kai Kura na buɗe makaranta. In ba fasinjoji labarin wani likitan Ingila, John Snow, wanda a 1854 ya bi diddigin gidajen da kwalara ta yi kisa a unguwar Soho ta birnin Landan, ya ga kusan duk sun kewaye famfon tuƙa-tuƙa guda a titin Broad, ya shawo kan hukuma aka cire hannun famfon. In dawo da su gida, in tuna musu 1996, shekarar da sanƙarau da ƙyanda da kwalara suka haɗu wa Kano. Masu binciken da suka bi diddigin kwalarar wancan lokaci abu biyu suka tarar sun raba waɗanda suka kamu da waɗanda suka kuɓuta: shan ruwan da ake tallansa a titi, da rashin wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Mota ta yi tsit. Wani dattijo ya ce, "Allah ya saka da alheri, Malam." Wata baiwar Allah ta leƙo daga baya ta ce, "Don Allah Malam likita ne?" In gyara zaman hula in ce a'a, Hajiya, ɗan bincike ne dai muke taɓawa.

Akwai wani ɓangare na labarin Snow da ba na faɗa a mota. Cikin waɗanda suka mutu akwai wata gwauruwa da ke zaune can unguwar Hampstead, nesa da famfon, inda cutar ba ta kai ba. Ashe ta taɓa zama kusa da titin Broad, ɗanɗanon ruwan famfon ya kama mata rai, har ake ɗauko mata shi a kwalba kullum. Ta sha, ta mutu, wata 'yar uwarta da ta zo mata ziyara ta sha ita ma ta bi ta. Ina tsallake matar nan ne saboda na san danginta a hali, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne ke ba da karatun.

Sai direba ya rage gudu, ya gangara gefen titi ya ce, "A yi sallah, a ci abinci, minti ashirin." Kafin ya kashe mota an kewaye mu. Mai dafaffen ƙwai, mai awara, mai gurasa, mai rake, mai yalo, yarinya da farantin kwaɗon zogale, yaro da bokitin zoɓo da kunun aya suna ninƙaya cikin ƙanƙara. Can gefe hayaƙin balangu yana tashi, iska kuma, don neman magana, ta kaɗo shi ta wajena. A nan malamin tsafta ke yin murabus, wani malamin ya karɓi allo. Shi wannan na biyun ya fi na farko kaifin basira, aikinsa guda ne, fitar da fatawar da za ta halatta mini abin da na gama haramta wa jama'a.

Fatawarsa ta farko ita ce wuta. Zafi yana kashe ƙwayar kwalara, wannan gaskiya ce ba ta da gyara. Saboda haka tsire halal, balangu halal, kifi halal. Abin da malamin ba ya so a tambaya shi ne yaushe naman ya rabu da wutar. Wani tun hantsi aka gasa shi, yana ta jiran mai rabo a ƙarƙashin takarda, in ka zo a ɗan nuna masa garwashi don ya yi ƙyalli. Ko da ma ya fito da zafinsa, ai ba shi kaɗai ake naɗe maka ba. Akwai albasa da tumatir da kabeji, ɗanyu, an ɗauraye su a bokitin da tun safe ba a sauya ruwansa ba, an yanka da wuƙar da ta yanka komai, an barbaɗa da hannun da ya karɓi kuɗin mutum ɗari. Mai nama ya ɗago ya ce, "Alhaji, a sa kayan haɗi?" Na san amsar da ta dace. Abin da ke fita daga bakina shi ne, "Ƙara albasa, Sarkin Fawa."

Fatawa ta biyu ita ce tsami, kuma da ita nake alfahari don tana da hujja daga littafi. Ƙwayar kwalara ba ta jure tsami. A annobar da aka yi a Mali a 1984 an gano cewa kunun geron da ya kwana yana yaɗa cutar, amma in an zuba masa nono mai tsami ƙwayar ba ta daɗewa a ciki. Ranar da na karanta wannan na ji kamar an ba ni lasisin shan fura har abada. Na riƙe rabin karatun da ya yi mini daɗi na saki sauran. Sauran kuwa shi ne nonon da ke ƙwarya ba shi kaɗai ake damawa ba. Ana sirka shi da ruwa, ana jefa ƙanƙara, ita kuma ƙanƙara ba ta kashe ƙwayar, ajiye ta take yi. Ludayin da aka miƙo mini yanzu ya fito daga bakin wani, an tsoma shi a roba an girgiza, shi ke nan wankinsa. Ina ganin duk wannan da idona. Bafulatana ta ce, "Baffa, ta nawa za a dama?" In ce, "Adda, ta ɗari biyar, a sa ƙanƙara sosai."

A kan wannan fatawa nake ɗora zoɓo, shi ma ai da tsaminsa. Kunun aya ne ya ƙi shiga, don babu tsami ko kaɗan a cikinsa, ga zaƙi, ga shi ba a dafa shi. Lokacin da kwalara ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024, wata jami'ar lafiya ta jihar ta ce da yawa daga waɗanda suka kamu a wata unguwa sun sha wani kunun aya da ba shi da rajista. Na ji labarin a rediyo, na yi salati, na yi alƙawari. Alƙawarin yana nan daram matuƙar ban ga robar tana gumi a cikin bokiti ba.

Fatawa ta uku ta fi sauran hatsari domin da rigar addini take zuwa. Ka yi Bismillah ka ci, abin da Allah ya rubuta ba makawa, ƙazantar da ba ka gani ba tsafta ce. Na sha jin wannan a bakin mutane ina musu gyara, sai ga shi ina karanta wa kaina a ɓoye. Alhali na san labarin Sayyidina Umar da ya kama hanyar Sham, ya isa Sarg, aka tare shi da labarin annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara, ya yanke hukuncin juyawa Madina. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya amsa masa da cewa inda za su koma ɗin ma cikin ƙaddarar Allah yake, ya kuma buga masa misali da makiyayin da ke zaɓar gefen kwari mai ciyawa ya bar mai fari. Sannan Abdurrahman ɗan Aufu ya iso da hadisin da ya hana shiga garin da ake annoba, ya kuma hana na ciki fita don gudu. Sayyidina Umar ya juya da jama'a guda daga tsakiyar hanya. Ni kuwa taku biyar daga teburin mai awara ya gagare ni.

Fatawa ta huɗu tausayi ce. Dubi yarinyar nan, rana ta dake ta, in ba ta sayar ba me za ta kai gida? Sai in ji ni ba makwaɗaici ba ne, mai taimakon marasa ƙarfi ne. Tambaya guda ke rushe wannan gini: me zai hana in ba ta kuɗin in bar mata kwaɗonta? Tausayina bai taɓa kaiwa can ba. Kullum sai da cokali yake aiki.

Ta biyar ce kaɗai nake ganin ko alƙali zai saurare ta, ita ce kunya. Makwabcinka a kujera ya kwance ƙunshinsa ya turo maka ya ce, "Malam, Bismillah." A tarbiyyar da aka yi mana, ƙin sa hannu kusan zagi ne. Ka ce ka ƙoshi, ya ce ko loma ɗaya don albarka. Ka shiga gidan abinci a tasha, a turo maka robar wanke hannu da mutum goma suka riga ka tsomawa, ruwan har ya yi kauri. In ka nemi sabon ruwa da sabulu, a bi ka da kallon ga Bature ya sauka. Da yawanmu mun gwammace mu kwanta a asibiti da a ce muna da ƙyanƙyami. Wannan matsala ce ta gaske, kuma ba tawa ba ce ni kaɗai. Sai dai in zan faɗi tsakani da Allah, ban taɓa jin kunyar ƙin abin da ba na so ba. In aka yi mini tayin ɗanyen gauta mai ɗaci, nan take bakina ke samo kalmomin ban haƙuri masu daɗi. Kilishi ne kawai ke sa ni kunya.

Wanda ya buɗe jakata zai rantse ma'aikacin lafiya ne. Akwai sabulu a leda, akwai man tsaftace hannu, akwai ƙwayoyin kulorin da ake jefawa a ruwa a jira rabin awa, akwai ƙunshin gishiri da sukari na asibiti. Ruwan gora nake saya, mai hatimi, in riƙe shi yadda kowa zai gani. Har nakan ja hankalin mai shan ruwan leda cewa ko da na cikin mai kyau ne, bayan ledar da yake ɓula da haƙori ya kwana cikin bokitin ƙanƙara. In gama wannan bayani, in shafa man tsafta a hannu har tsakanin yatsu, sannan in sa hannun nan mai tsarki in karɓi zoɓon da ban san rijiyar da ta haife shi ba.

A cikin jakar kuma akwai maganin gyambon ciki, don yaji yana tayar mini da ƙwarnafi. Aikinsa shi ne rage tsamin ciki. Tsamin nan kuwa shi ne mai gadin farko da Allah ya ajiye mana, shi ke kashe mafi yawan ƙwayoyin kwalara kafin su kai hanji, shi ya sa masu shan irin wannan magani suka fi saurin kamuwa. Wato nakan sha magani in kori mai gadi domin in samu damar cin abin da saboda shi aka ajiye mai gadin. Da wani na ji yana yin haka, da na ba da labarinsa a mota.

Ba wai ban yi yaƙi ba. Na gwada zama a tsakiyar kujera, nesa da taga, sai na tarar mutanen kirki ne ke zama a taga, suna miƙo maka saƙo har da canji. Na gwada tafiya ba ƙananan kuɗi a aljihu, dabarar ta yi aiki har zuwa farkon 2023, lokacin da takardar naira ta yi wuya kowa ya koyi tiransifa. Yanzu mai masara ma tana da lambar asusu a rubuce jikin kwali. Uwargida takan haɗa mini guzuri, dambun nama da soyayyar kaza da cincin, in cinye su kafin Zariya don kada su lalace, in isa Tafa da sabuwar yunwa. Na gwada ɗaukar azumin nafila ranar tafiya. Wannan ya kai ni har Mararrabar Jos, inda malamin fatawa ya tuna mini cewa matafiyi ko na farilla an yi masa rangwame, balle nafila.

Duk wannan abin dariya ne matuƙar ciki ɗaya ne a cikin cacar. Hujjar da nake fakewa da ita a ƙarshe kenan: cikina ne, kuma ya saba, ga shekaru ina ci ban kwanta ba. To a nan ilimin nawa ke juyowa ya kama ni. Mafi yawan waɗanda ƙwayar kwalara ta shiga jikinsu ba sa nuna alama ko kaɗan, ko kuma su yi 'yar gudawar da ba ta hana su fita kasuwa. Amma suna fitar da ƙwayar a bayan gidansu daga kwana 1 har zuwa 10. Cikin da ya saba ɗin nan da nake taƙama da shi yana iya zama motar haya ce kawai, ta ɗauko fasinja daga wata jiha ta sauke shi a banɗakin gidana, inda buta ɗaya muke ɗauka da yara, inda nake dawowa in ɓare wa ƙaramin ayaba da hannuna. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ba shi da ruwan jikin da zai yi asara irin nawa.

Haka cutar nan take tafiya tun asali, a cikin matafiya. Zagayen annobar da muke ciki yanzu ya faro ne daga Indunusiya a 1961, ya iso Afirka ta Yamma a 1970, bai kuma tafi ba. Ƙasar Haiti ta shafe aƙalla ƙarni guda ba ta san kwalara ba, sai a 2010 sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya da suka zo daga Nepal suka shigo da ita, ƙazantar sansaninsu ta gangara kogi, mutum wajen 10,000 suka mutu. Babu wanda ya ɗauko ta da niyya. Lafiya lau suka sauka daga jirgi, yadda nake sauka daga mota da ledar tsaraba.

Ba na so a karanta wannan a ɗauka mai fura da mai kwaɗo su ne abokan gaba. Ruwan da suka samu da shi suke aiki, shi suke sha, shi suke ba 'ya'yansu. Ƙididdigar gwamnati da UNICEF ta 2021 ta nuna mutum wajen miliyan 48 a Nijeriya a fili suke bayan gida. Ruwan sama na farko ya kwashe wannan ya zuba a rijiya da kududdufi da fasasshen bututu. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024 ta shanye Maiduguri, ba a yi wata guda cikakke ba aka sanar da ɓullar kwalara a Borno. Landan ba da wa'azi ta rabu da cutar ba, magudanan ƙazanta ta gina ta raba su da ruwan sha. A wurinmu ma an fara, tun da a 2022 aka ayyana Jigawa jiha ta farko da ta daina bayan gida a fili. Rigakafin sha yana nan, amma yawanci sai an yi gangami a inda cutar ta ɓarke ake ba da shi, kuma ya yi ƙarancin da a 2022 aka koma ba da kashi ɗaya a maimakon biyu. Kafin famfo ya iso kowace tasha, abin da ya rage wa matafiyi shi ne hannunsa da bakinsa, ni kuwa nawa bakin ga halinsa.

Tun da na ga ba zan ci wannan yaƙi ba, sai na nemi sulhu. Hali zanen dutse ne, amma ana iya yi masa shinge. Sharuɗɗan su ne waɗannan. Abin da za a ci a ciro shi daga wuta ko daga mai a gabana, yana turiri: ƙosai, awara, masarar da aka gasa, shayin da na ga tafasarsa, naman da na tsaya aka mayar kan garwashi har ya yi ƙara. Kayan haɗi ɗanyu a bar wa mai nama abinsa. Abin da ke da ɓawo in ɓare da kaina, ayaba da lemo da ƙwai da gyaɗa. Kankanar da aka yanka aka jera a faranti, da raken da aka feƙe aka yayyafa wa ruwa don ya yi sheƙi, mun yi sallama da su har rani. Hannu kuma da sabulu da ruwan da ake zubowa, ba na roba ba, bayan fitowa daga banɗaki da kafin ci, ko da kuwa duk tashar za ta taru ta kalle ni. Wanda ya yi mini tayi in ce masa, "Na gode Alhaji, cikina ne ba ya so," wanda ba ƙarya ba ce tsantsa, tun da cikin bai taɓa so ba, ni ne nake so.

Sharaɗin da ba na wasa da shi ko a ranar da na karya sauran shi ne ruwan gishiri da sukari. Kwalara ba dafinta ke kisa kai tsaye ba, ƙarewar ruwa ce. Sukari yana jan gishiri ya ratsa bangon hanji, ruwa ya bi su, ko da dafin yana kan aikinsa. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladesh, wani likitan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya ga ruwan ƙari ya ƙare masa a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon. Ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari a ganguna, dangi suna ba majinyatansu da kofi. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4. In babu ƙunshin asibiti, ana haɗawa da lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A fara sha tun gudawar farko, a ci gaba da kurɓa ko ana amai, a kuma nufi asibiti mafi kusa ba tare da jiran a isa gida ba. Wanda ya samu kulawa da wuri, cikin ɗari ko ɗaya ba ya mutuwa. Flagyl ɗin da muke watsawa a baki da zarar ciki ya murɗa ba ya taɓa ƙwayar kwalara, kuma ba ya mayar da ko cokali guda na ruwan da ya zube. Na ga gadon masu kwalara, mai rami a tsakiya da bokiti a ƙasa. Bai raba ni da kwaɗayi ba, amma ya sa ba na tafiya ba ƙunshin nan a aljihu.

Saura fura. A kanta har yau ba a cimma matsaya ba. Na kawo shawarar in riƙa sayen ƙwallon furar da nonon in dama a masauki da ruwan gora, malamin fatawa ya ce wannan ai ba fura ba ce, aikin gida ne. Ana nan ana tattaunawa, kuma ba zan ɓoye ba, shi ke kan gaba.

Wadda ta fi kowa gane inda sulhun nan yake da rauni ita ce uwargida, don haka ta kafa nata dokokin ba tare da ta nemi yardata ba. In na dawo daga tafiya a irin wannan lokaci, yaro ba ya hawa jikina sai na wanke hannu da sabulu a bakin rariya tana kallo. Tsarabar nama tukunya take komawa ta sake ganin wuta. Abin sha na leda ko na roba ba ya ƙetare zaure. Kwanakin da suka biyo baya ni da yanka wa yara abu da hannuna sai dai kallo. Sannan ta zaunar da ni ta yi mini tambayar da likita zai yi in abu ya faru, don ta san abin da za ta faɗa masa idan ni na kasa magana. Ba ta taɓa ɓata bakinta ta tambaye ni ko na ci wani abu a hanya ba. Cewa take yi, "To Malam, a ina da ina?"